Tsohon sojan da ya shugabanci kamfanin mujallar Time

Tambaya: Salam malam, don Allah na ji wai akwai wani tsohon sojan ruwan Amurka mai lambobin yabo da ya zama shugaban kamfanin mujallar Time, da gaske ne? Kuma ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, me soja ya sani game da aikin jarida?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne, sunansa J. Richard Munro, an fi kiransa Dick Munro, haihuwar 1931. Sojan kundumbala ne, rundunar da ke ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwan Amurka. Ya yi yaƙin Koriya wanda aka gwabza daga 1950 zuwa 1953, ya samu lambar Purple Heart har sau uku, ita kuwa wannan lamba wanda aka ji wa ciwo a fagen daga ake ba wa ko wanda ya mutu a can, kenan sau uku yana shan rauni yana tashi.

To amma maganar me soja ya sani a jarida, ai shi ba labari ya je rubutawa ba. A kamfanin Time tun zamanin mai shi Henry Luce an raba gida biyu, editoci na gefe guda suna harkar labarai, masu kuɗi da talla na ɗaya gefen, kuma ba a son wani ya sa baki a aikin wani. Munro ɓangaren kuɗi ya shiga a 1957 bayan ya gama jami'ar Colgate, sashen rarraba mujalla, wato masu lissafin kwafi nawa aka buga, nawa aka sayar, waye kuɗinsa na shekara ya ƙare a tura masa takardar tuni. Aiki ne mara armashi wallahi, ba mai ganin sunanka a shafi, amma duk wanda ya zauna a nan ya san inda kuɗin mujalla ke shigowa da inda yake zurarewa, tunda yawan masu saye ne ke yanke farashin da za a caji masu talla. Daga nan ya yi ta hawa har ya zama mawallafin mujallarsu ta wasanni Sports Illustrated a 1969, wato mai kula da harkar kasuwancinta, sai shugaban kamfanin baki ɗaya a 1980.

Abin mamakin ma, mutumin da ya tashi cikin takarda shi ne ya karkata kamfanin zuwa talabijin. Ya riƙe ɓangaren bidiyo lokacin da tasharsu HBO ke tasowa, wadda a 1975 ta haska damben Muhammad Ali da Joe Frazier daga Manila ta tauraron ɗan'adam. Ba ko da yaushe ya ci riba ba fa, mujallar TV-Cable Week da suka fito da ita a 1983 ko shekara ba ta yi ba aka rufe ta da asarar miliyoyin daloli.

Babban abin da ake tuna shi da shi dai shi ne 1989. Sun gama shirin haɗewa da kamfanin fina-finai da waƙoƙi na Warner da Steve Ross ke shugabanta, kwatsam sai wani kamfanin fina-finai, Paramount, ya faɗo da tayin sayen Time a kan dala 175 kowane hannun jari, daga baya ya ƙara zuwa 200, kuɗi hannu. Munro da 'yan majalisar daraktocin kamfanin suka ce atafau ba su sayarwa, suka juya suka ciwo bashi suka sayi Warner a kan kusan dala biliyan 14, aka je kotu a jihar Delaware ta ba su gaskiya. Ni a ganina masu hannun jari sun sha a nan, don an hana su kuɗi a hannu an bar su da kamfani mai bashi iya wuya, kuma an daɗe hannun jarin bai kai wancan farashin ba. Shi kam ya riƙe sabon kamfanin Time Warner tare da Ross na ɗan lokaci, ya sauka a 1990.