Shuɗin tamfol ba magani ba ne

Tambaya: Salam Malam. Na sayo masara buhu 30 daga Mangu na jibge a tsakar gida nan Jos, na lulluɓe da tamfol shuɗi, mai shagon ya ce kalar magani ce, ƙwari ba sa shiga. Yau sati biyu na buɗe sai wari. Me ya sa masu arhar duk shuɗi ne, kuma masarata ta tafi kenan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kala ce kawai wallahi. Ledar polyethylene ce aka saƙa, aka zuba mata shuɗin launi na sinadarin phthalocyanine saboda yana da arha kuma ba ya saurin koɗewa. Kamfanoni sun saba sa shuɗi a kan mafi rashin kauri, wajen milimita 0.13, masu kaurin su zo ruwan azurfa ko ruwan ƙasa. Ba doka ba ce, sabo ne, don haka ka duba GSM, wato lambar da ke nuna nauyin tamfol a kowace murabba'in mita, a jikin ledar, ko ka ɗaga shi ga rana ka ga hasken da ke ratsawa.

Amma zancen mai shagon nan shi ya ɓata min rai, kullum sai na ji shi, wai shuɗi na korar ƙwari, wai yana sanyaya hatsi. Ƙarya ce, kuma ƙarya mai kai mutum asibiti. Tamfol ba ya numfashi, ka rufe masarar da ba ta gama bushewa ba, rana ta dafa ta da rana, dare ya yi sanyin Jos ya sauko, sai gumin ya taru a cikin ledar yana ɗiga kan buhunan sama, ka taɓa da asuba za ka ji shi jiƙe sharkaf. A nan fumfuna ke kamawa, wata irinta kuma tana fitar da gubar aflatoxin mai cin hanta, wadda tafasa tuwo ba ta kashewa. A Kenya 2004 mutum 125 ta kashe ta hanyar masara. Kuma don Allah a daina cewa "a ba kaji", su ma tana illata su.

Yau ɗin nan ka yaye tamfol ɗin, ka farke buhunan ka shanya. Duk wadda ta yi kore-kore ko take wari ka ware ka binne, kar ka kai kasuwar Katako ka cuci wani. Sauran ka gwada: busasshen gishiri da ƙwayoyin masara a busasshiyar kwalba, ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran shanya. In ta bushe ka ɗora buhunan kan katako, ka ɗaure tamfol ɗin sama kamar rumfa iska na wucewa.