Auta, kafin ki ɗaure akwati ki saurari maganar gashin nan

Auta na ga saƙonki tun shekaranjiya, ba share ki na yi ba, aikin dare nake yi satin nan, in na dawo ko takalmi da ƙyar nake cirewa. Ke ce ta huɗu a watan nan da ta turo min "Yaya ina son zuwa Ingila", amma ke kaɗai kika haɗa da tambayar da ta fara ba ni dariya, daga baya kuma na yi shiru. Wai kin saba zagaya filin wasa na Samaru da sassafe, kina so ki ci gaba da motsa jiki in kin zo mastas, to ya ake yi da gashi in an yi gumi tunda kin ji ana sanyi, ba zai yiwu a dinga wanke kai kullum ba.

Maganar biza ba zan ɓata bakina ba, kin gama ABU kin iya karatu, komai yana rubuce. Ki dai riƙe biyu: awa 20 kawai aka yarda ɗalibi ya yi aiki a sati in ana zangon karatu, kuma kuɗin lafiya tun 2024 ya koma fam 776 a shekara, ana biya tun kafin ki ga ƙofar jirgi. Ki faɗa wa Baba wannan da kanki, ni na gaji da a ce ina hana mutane zuwa.

Gashin nan kuwa da kike ganin ƙaramar magana ce, shi ya fi komai wulaƙanta ni a shekarata ta farko, ya fi sanyi, ya fi kaɗaici.

A Zariya ba mu taɓa sanin akwai wata matsala ba saboda rana ce take mana aikin kyauta. Ki yi tsifa da safe, ki wanke da karkashi, ki zauna tsakar gida kina tsinke zogale, kafin azahar kai ya bushe ƙarau, da la'asar mai kitso ta leƙo ta katanga a shimfiɗa tabarma. Ko kin yi gumi a hanyar Kongo, kina shiga gida kika cire ɗankwali iska ta gama magana. Nan a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ranar ma da ake gani ta ado ce, ba ta busar da ko hankici.

Ni dai wata likita ce ta ce in fara motsa jiki saboda ciwon baya, na samu wani jim da ke da ɓangaren mata zalla na shiga. Abin da nake yi, in gama gudu a kan injin nan kaina sharkaf, in mayar da hular auduga da na yi gumin a cikinta, in ɗora hijabi, in saka hular jaket a sama, in ruga in kama bas. Daga nan lakca, daga lakca wurin aiki. Awa goma kai yana rufe cikin ƙyalle biyu da danshi, ga hita a kowane ɗaki tana dafa shi. Ni ban ji komai ba, mutum ai ba ya jin warin kansa. Sai wata rana wata abokiyar aikina, 'yar ƙasarmu ce ma daga kudu, ta ja ni gefe ta ce 'yar'uwa kar ki ji haushi, hijabinki yana warin kayan da aka jiƙa aka manta a bokiti. Auta wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na tashi gidan da ko tsumman goge ƙafa sai an turara shi, ni 'yar Zazzau a ce min ina wari. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, kuma har yau ban faɗa wa Inna ba, ke ma kar ki kai mata.

Sai na yi wautar da ta fi ta farko. Na ce to kullum na dawo daga jim sai na wanke kai da shamfu, sau huɗu a sati. Ba wanda ya gaya min ruwan Landan da kewayenta yana da alli a ciki. Ki leƙa cikin butar dafa ruwa ta kowane gida za ki ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta, to shi ne yake zama a gashinki. Sabulu ba ya kumfa yadda kika sani, gashi ya yi tauri kamar soson wanke tukunya. Masu zama Manchesta da Bamingam sun huta, nasu ruwan mai laushi ne, amma garin da kika samu makaranta kudu ne, ruwanmu ɗaya. Cikin wata uku kaina ya cika da amosani, ina taje kai gashi yana bin mataji, gaban goshina ya koma baya har na daina kallon madubi da safe. Wannan gashin da ake yi min kirari da shi a gidan biki.

Abin da na gane da kaina bayan na sha wuya, gumi ba shi ne abokin gaba ba. Gumi ruwa ne da gishiri, sabonsa ma ba ya wani wari. Rufe shi da ɗumi shi ne yake kawo tsami, ya haɗu da man da kika shafa ya kwana. Saboda haka duk dabarar ɗaya ce, kar ki kuskura ki ɗaura komai a kan jiƙaƙƙen kai. Sauran duk ƙari ne.

Ga yadda nake yi yanzu. Kitso manya nake yi, zane shida ko takwas duk su tafi baya, yadda fatar kai za ta fito fili iska ta shiga. Ƙananan kitson nan na gayu da ake kwana ana yi, da wanda ake ƙara gashin kanti, ki bar su sai biki, suna riƙe ruwa kamar soso kuma nauyinsu yana cinye gaban goshi. Kuma a daina jan kitso har sai ido ya ɗage, mu Hausawa muna da wannan ciwon, wai in bai yi zafi ba bai yi kyau ba. Ja da matsattsiyar hula su suka fi cin gashin gaba. Ranar jim ba na shafa mai kafin in fita. Ina da hijabin motsa jiki daban, mara nauyi mai saurin bushewa, ba na zuwa ko'ina da shi sai can. Ina gamawa na shiga ɗakin canja kaya na cire shi, na ɗauki ƙaramin tawul ina danna shi layi layi tsakanin kitso, dannawa fa, ba gogewa ba, gogewa ita ke tayar da kitso ya yi buzu-buzu ya tsufa cikin kwana uku. Sannan draya, ki mayar da ita kan iska mai sanyi ko ɗumi kaɗan, minti biyar kina bin layukan da ƙeya, ƙeya ce take ɓoye danshi. Sai kin sa yatsa kin ji a bushe sannan ki ciro wata hular daban busasshiya daga jaka. Hula biyu, Auta. Da wani ya faɗa min kalmomin nan biyu da ban yi kukan banɗaki ba. Jiƙaƙƙiyar kuma a leda daban, a wanke ta ran nan, kar ta kwana a jaka.

Da dare in na dawo sai in jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi in bi layukan in ɗauke gishirin, don in ya bushe a kai shi ke sa ƙaiƙayi. Ina da 'yar kwalbar feshi da nake zuba ruwan kanumfari da na jiƙa, a firji take zama kuma ba na barin ta wuce sati, in fesa kaɗan, in bari ya sha iska. Man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa a murza a tafi a bi kan kitson da jelarsa, ba a cusa shi a fatar kai a yi ta tarawa ba. In kwanta da ɗankwalin satin, na auduga yana tsotse man. Da wannan kitsona yana kai sati biyu fes, ina zuwa jim sau uku a sati.

Za ki ga 'yan ajinku Turawa suna fesa wani abu a gwangwani suna cewa busasshen shamfu ne, Batiste ne ya fi yawa a kanti. Kar ki biye musu. Gari ne kamar sitaci, aikinsa ya tsotse maiƙo, su gashinsu kwana ɗaya yake yi ya yi maiƙo ya kwanta. Namu kuwa neman mai yake yi ido rufe. Na saya na fesa a kan kitso, na fito kamar wadda ta kai niƙa inji a Tudun Wada, garin ya shige cikin kitson ya ƙi fita sai da na tsefe. Akwai mai launin duhu wai don masu baƙin gashi, shi ma taruwa yake yi, ga shi yana ɓata cikin hula.

Turare kuma, na san halinki. Humra a kan gumi ba ta rufe komai, wari biyu ne suke haɗuwa su haifi na uku. Sai kai ya bushe tukun. Turaren wuta da garwashi kuwa ki manta da shi in ɗakin makaranta za ki zauna. Akwai na'urar jin hayaƙi a rufin kowane ɗaki. Ni na kunna don in turara kaina wani dare cikin Janairu, ƙararrawa ta ɗauka, duk mutanen ginin suka fito waje cikin kayan barci ana rawar ɗari, ni ina tsaye a cikinsu ina ƙamshin sandal, kowa ya san ni ce. Na yi wata guda ina sunkuyar da kai a matakala. Yanzu na lantarki nake amfani da shi, ɗan kaɗan, taga a buɗe.

Kar ki ɗauka na ce a daina wanka. Sati ɗaya zuwa kwana goma dole ruwa ya taɓa kai, kuma wankan tsarki ba ruwansa da sanyi, in ya zo ya zo. Ki dai yi shi lokacin da ba fita za ki yi ba, ki busar sosai kafin ki kwanta. Drayarki ta gida ma za ta yi, soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Sai maganar bitamin D, hukumar lafiyarsu tana ba da shawarar maikrogram 10 a rana lokacin sanyi, masu duhun fata da masu rufe jiki kuma duk shekara, mu mun haɗa biyun. Da aka gwada jinina nawa ya yi ƙasa sosai. Ki fara sha da wuri.

Abu na ƙarshe da ya fi ba ni haushi, kitso. Ranar da na fara tambayar kuɗin zane takwas a wani shago a unguwar Pekam ta Landan aka ce min fam 40, na lissafa da naira na juya na fita ban ce uffan ba. Na zauna gaban madubi biyu na koya a kaina, hannu yana sagewa, na farko ya fito a karkace kamar hanyar shanu. Yau ni nake yi wa kaina da 'ya'yana, har matan masallacinmu suna tambaya wa ya yi min, kuma ba wanda ya koya min, ba kuma wanda ya turo min ko sisi daga gida lokacin da nake fama. Amma ke kar ki zo da lissafin za ki dinga yi wa mutane kitso suna biyanki, bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai, an sha kama mutane a kan abin da bai kai wannan ba.

Wata huɗun da suka rage miki, ki je wurin mai kitson layinmu ki ce ta koya miki yi wa kanki, ki biya ta da kyau. Ki shiga kasuwar Sabon Gari ki sayi man kaɗanya na asali mai warin nan, da kanumfari, da mataji mai manyan haƙora, da tsinken tsifa, da huluna kamar shida ki sa tela ya yi musu shafin satin a ciki. Man shanu kar ki sako ko Inna ta nace, shi da kilishi ba a shigowa da su, a filin jirgi za a karɓe. Ki taho min da garin karkashi mudu ɗaya, nawa ya ƙare tun azumi.