Tambaya da Amsa: Garinmu 'yan adawa ne, to daga ina kansilan gwamnati ya fito?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan wani ƙaramin gari ne, manoma ne mu mafi yawanci, kuma tun zamanin kakanninmu an san garin da adawa, tsofaffinmu har yau hirar NEPU da PRP, jam'iyyun Malam Aminu Kano, suke yi a dandali. A zaɓen gwamna da na shugaban ƙasa akwatunanmu ba su taɓa ɓoye ra'ayinsu ba, amma duk zaɓen ƙaramar hukuma sai a ce jam'iyyar gwamna ce ta ci har kansilan mazaɓarmu, alhali wani lokacin ko kayan zaɓen ma ba mu gani ba. Ga famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, rumfunan kasuwa sun zube. Shin garin ne ya canza ko mu ne ba mu gane ba?
Mai karatu, daga ƙauye

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Garinku bai canza ba, mai shirya zaɓen ne ya canza. Zaɓen gwamna da shugaban ƙasa INEC ce ke yi, na ciyaman da kansila kuwa hukumar zaɓe ta jiha ce, kuma gwamna ne ke zaɓo mutanen da za su riƙe ta ya tura majalisar jiha ta amince, shi ke ba su kuɗin aiki, toh kai a tunaninka wa za su ce ya faɗi? Duba watan Oktoba na 2024 kawai, a Kano NNPP ta kwashe ƙananan hukumomi 44 kaf, a Kaduna APC ta kwashe 23, a Jigawa ma ta ɗauke kujerun ciyaman 27, kaga ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, kusan duk wanda ya riƙe gidan gwamnati haka yake yi. Amma a Abuja da INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida, a 2022 rabawa aka yi, PDP uku APC uku.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce uwa uba. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi 774 yana faɗawa asusun haɗin gwiwa ne da jiha, a cire na albashin malaman firamare, a cire na masarautu, a cire na aikin haɗaka, abin da ya rage a miƙa wa ciyaman ya yi godiya. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi, amma hukunci daban aiwatarwa daban, har yanzu ana ta jan ƙafa.

Yanzu bari in ɗan taɓa ku, kar ka ji haushi. Alfahari da adawar kakanni ba ya gyara famfo. Su 'yan NEPU da kuke hira a kansu, wahalar da suka sha a hannun N.A., wato hukumar gargajiya ta sarakuna a wancan zamanin, a kan abu takamaimai suka sha ta, haraji da jangali da zaluncin masu sarauta, sun san abin da suke nema. Ku kuwa ranar zaɓe kaɗai kuke fitowa, alhali an gama rabon kansila tun wata biyu baya a falon wani jigo cikin dare, shugaban jam'iyya na mazaɓa da dattawa biyar shida a kan tabarma ana zagaya goro da lemo, a ce an yi maslaha, wane ya janye wa wane. Indai babu ɗan garinku mai faɗa a ji a wannan zaman to an wuce ku, kuma da wuya a ba garin da aka riga aka sa masa tambarin "ba namu ba ne".

Ba cewa nake ku sauya sheƙa ba, kuri'arku taku ce. Abin da na ga yana aiki shi ne ƙungiyar ci gaban gari wadda ba ta da jam'iyya, da mai hula wannan da mai hula waccan duk a ciki, a samu dagaci da limamin Juma'a su sa albarka. Ku rubuta takarda ɗaya da buƙata ɗaya, kar ku jero goma. Kasuwa na cikin ayyukan da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ƙarara, tare da tashar mota da maƙabarta da kwashe shara, kuma duk ranar kasuwa ai kuna ganin masu yankan rasit suna bi rumfa rumfa, saboda haka da ita za ku fara. Ku kai sakatariya a buga muku hatimin karɓa ku riƙe kwafi, ku ba kansila nasa a hannu gaban jama'a, ko da ba ku kuka zaɓe shi ba albashin mazaɓarku yake ci. In an yi wata shiru sai ku kai shirin ƙorafi na rediyo, ciyamomi na tsoron gwamna ya ji sunansu a can fiye da komai.

Famfo kuma ku yi karo-karo ku kira mai gyara, sau da yawa roba ce ko sanda ta lalace, kar mata da yara su zauna jiran kasafin kuɗi.