Jan zare a kan koriyar shadda

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wani ango ya kawo maka shadda koriya shar, yana son aska takwas, wato adon ɗinkin ƙirjin babbar riga, da jan zare, kana tambaya ko al'ada ta hana, tunda ba ka taɓa ganin dattijo da irin wannan riga ba.

Babu wanda ya hana, kuma ba camfi ba ne. Mutanen da, kafin su dubi launi, sai sun auna haske da duhu. Ja daban, kore daban, amma in duhunsu ya zo ɗaya, daga nesa aikin nutsewa yake cikin yadin, a kusa kuma su yi ta rikici har ido ya gaji. Ɗora zaren a kan shaddar, ka ɗauki hoto da wayar nan taka, ka mai da shi fari da baƙi. In ka ga toka a kan toka, to wahalar allurarka za ta tafi a banza.

Ka samu lokaci ka je marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take aiki, ka tsaya bakin karofi. Launi ɗaya tak ke cikin ramin, daga ganyen baba da toka da katsi, wato ƙonannen dagwalon karofi. Marini zai tsoma ƙyalle ya ciro shi kore-kore, iska ta buge shi a gabanka ya juye shuɗi. In tsomi kaɗan ne, shuɗin ya fito da haske. In aka yi ta maimaitawa, sai ya yi ta duhu har ya kusa baƙi. Daga nan mabuga su zuba masa shuni su buge shi ya ɗau ƙyalli, shi ne turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa. A kan irin wannan duhun ake aza farin zare ko tsamiya, wato zaren silikin gida, shi ya sa tun daga ƙarshen fili za ka iya ƙirga askar rigar hakimi yana bisa doki. Saƙi ma dabarar ke nan: fari da baƙi ƙanana-ƙanana, daga nesa su haɗu kamar jikin zabo.

Za ka ce ai akwai fari a kan fari. Akwai, amma can inuwa ce ke aikin, don haka sai ɗinkin ya yi tudu. Na keken zamani da ke kwanciya shafal, ni dai bai taɓa burge ni ba.

Ja kuwa yana da mazauninsa. A shafi ake sa alharini, wato jan siliki, ta ciki, sai mai riga ya naɗe hannu bisa kafaɗa sannan ya leƙo.

Ka nuna wa angon zare ruwan madara ko ruwan ƙwai a kan shaddar tasa, a waje da la'asar, ba ƙarƙashin fitilar shago ba. In ya kafe sai ja, nemo ruwan hanta mai duhu sosai, ko ya canza shadda mai haske. Kuɗinsa ne, amma sunanka za a kira in an tambayi wanda ya ɗinka.

Ka gai da mahaifiyarka.