Fatawa: Hukuncin Wasannin Gem, Daga na Harbi Zuwa Akwatin Sa'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da ƙannena muna buga gem a waya da na'urar PlayStation. Ni na fi son na harbi da na ƙwallo, ƙaramin cikinmu kuma ba ya rabuwa da na gine-gine. Wani ɗan'uwa ya ce mana duk haramun ne, wani kuma ya ce babu komai tunda ba gaske ba ne. Ina gaskiyar take? Sannan ya halatta in sa kuɗi in sayi fakitin 'yan wasa, ko in shiga gasar da kowa yake zuba kuɗinsa? Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗana, mutanen nan biyu duk sun yi wa mas'alar kuɗin goro. Malaman usulu suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, kuma kalmar gem ta tattara wasannin da babu abin da ya haɗa su sai allon da ake kallo. Asalin duk abin da ba ibada ba halacci ne har sai dalili ya hana. Shari'a kuma ba ta yaƙi nishaɗi ba: Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya bar Habashawa suna wasa da māsu a masallacinsa tana kallo ta bayansa, ya kuma ce wa sahabinsa Hanzala "sa'a da sa'a", wato lokaci na ibada, lokaci na hutu da harkar rayuwa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. To daga halacci za mu faro. Sai dai kowane nau'in gem yana da abin da yake jan zuciyar mai buga shi, kuma mafi yawan lokaci a daidai wurin daɗin nan ne matsalar shari'a take ɓoye.

Ɗauki na harbin da ka fi so. A PUBG mutum 100 ne suke dira daga jirgi zuwa tsibiri hannu wofi, kowa ya nemi makami, fili yana ta tsukewa har a bar mutum ɗaya ko tawaga ɗaya. A Free Fire mutum 50 ne, kuma zagayen ya fi gajarta. Abin da masu buga su suke nema shi ne bugun zuciyar nan ta wanda ya san kuskure ɗaya zai fitar da shi, da saurin hannu, da daɗin haɗa kai da abokai uku ana magana ta makirufo. Harbin hoto a allo ba kisan kai ba ne, kuma babu zunubin kisa a kan wanda ya yi shi. Damuwata tana wani wuri: wannan wasa ba ya tsayuwa. Sauran 'yan wasan mutane ne masu rai a wurare daban-daban, ba wanda zai dakata domin an kira salla a inda kake. Zagaye ɗaya na PUBG yana iya cin rabin sa'a, in ka fita a tsakiya makinka ya ragu, abokan tawaga kuma su zarge ka da watsa musu ƙasa a ido. Sai ka ji ladan ya gama kira, an tayar da iƙama, kai kana kwance a cikin ciyawa saura ku takwas, kana ce wa kanka minti biyu kawai. Ta nan Magariba take kuɓucewa. Allah Ya ce a Suratul Munafiƙun, aya ta 9: "Ya ku waɗanda suka yi imani, kada dukiyoyinku da 'ya'yanku su shagaltar da ku daga ambaton Allah." In dukiya da 'ya'ya ba su zama uzuri ba, ina ga wasa? Maganin a aikace yake: ka duba agogo kafin ka danna maɓallin farawa, in abin da ya rage wa salla bai kai minti 40 ba kada ka shiga zagaye mai tsawo, in kuma salla ta riske ka a ciki ka fita ka bar makin ya tafi. Wanda ya gwada ya kasa, har fitar da salla daga lokacinta ya zame masa jiki, wannan wasa ya haramta a kansa shi, ko da ya halatta ga waninsa.

Abin da ke cikin wasan ma ba a yanke masa hukunci sau ɗaya a huta, domin kamfanoni suna sabunta shi kullum. A 2020 an shigo da wani sashe a PUBG Mobile inda ɗan wasa yake zuwa gaban gunki ya yi alamar bauta domin ya sami ƙarin lafiya da kayan yaƙi, sai da Musulmi suka yi ca a kai sannan aka cire. A 2021 an ga shafukan Alƙur'ani a warwatse a ƙasa a cikin Call of Duty: Vanguard, kamfanin ya ba da haƙuri ya janye su. Duk inda wasa ya nemi ka durƙusa wa gunki, ko ka wulaƙanta wani abu mai alfarma a addini, ba a cewa ai wasa ne. Barin wurin wajibi ne. Majalisar malaman lardin Aceh ta Indonesiya ta haramta PUBG gaba ɗaya a 2019 saboda illar da ta hango ga matasanta, kuma wannan ijtihadi ne da ake girmamawa, amma ni na fi karkata ga yin bayani dalla-dalla kamar yadda kake gani. Inda ba na jan magana shi ne irin GTA, wanda aka gina labarinsa a kan fashi da satar mota da fataucin ƙwaya, ga gidajen rawar tsiraici a ciki. A nan saɓon shi ne wasan kansa, kuma a kansa ake ba ka lada. Ka bar shi. Haka Mortal Kombat, da ake sayar da shi a kan ƙwarewa wajen yayyaga jikin mutum.

Gem ɗin ƙwallo, irin eFootball da EA Sports FC wanda aka sani da FIFA kafin 2023, yana cikin mafi tsafta. Daɗinsa a fili yake: kai ne koci kai ne ɗan wasa, kuma wasa ɗaya bai cika wuce kwata na sa'a ba. 'Yan'uwa biyu su zauna su kara, su yi dariya, su tashi, ban ga laifi a ciki ba. Ka shiga saiti ka kashe kiɗan da ke tashi kafin wasa, domin jumhurun malaman mazhabobi huɗu a kan hana kayan kiɗa suke, kuma kashe shi ba ya rage wa wasan komai.

Sai fakitin da ka tambaya, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka sosai. Kana biyan kuɗi na gaske ka sayi kuɗin cikin wasa, da su ka sayi fakiti a rufe. Ba ka san wanda ke ciki ba sai an buɗe. Fitilu su haska, a nuna tutar ƙasa, a nuna matsayin da ɗan wasan yake bugawa, a ja maka rai na 'yan daƙiƙoƙi kafin fuska ta bayyana. Sau da yawa wanda ba ka buƙata ne. Wannan jan rai da gangan aka tsara shi. Masanin halayyar ɗan'adam B.F. Skinner ya nuna a gwajinsa da tattabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi riƙe mai nema fiye da ladan da aka sani, kuma a kan wannan ne injinan caca suke aiki. A wasan Genshin Impact, yiwuwar samun gwarzo mai tauraro biyar a ja ɗaya, wato gwada sa'a sau ɗaya, kashi 0.6 ne cikin ɗari, ba a lamunce maka shi sai a ja na 90. Wannan ciniki ya haɗa abubuwa biyu da aka hana. Akwai garari, wato sayen abin da ba a san shi ba, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana. Akwai kuma ma'anar caca: kuɗinka tabbas ya fita, abin da za ka samu kuwa sa'a ce take yanke shi, ko ka ci riba mai yawa ko ka tashi da abin da bai kai kuɗinka ba. Aya ta 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun isa hujja. Wasu suna cewa ai ba a fita hannu wofi, ko yaya ana samun wani abu. Amsa ita ce ba don wannan "wani abu" ka biya ba, da shi aka ajiye a fili da farashinsa ba za ka saya ba. Abin da ka saya shi ne fatan babban. Ko hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne. Saboda haka sayen fakiti ko akwatin sa'a da kuɗi haramun ne. Wanda wasan ya ba ka kyauta don ka kammala wani mataki, ba ka zuba ko sisi ba, babu laifi ka buɗe. Sayen abu sananne da farashi sananne, kamar riga ko wani ɗan wasa takamaimai ko tikitin zango da aka jera duk abin da ke cikinsa, ciniki ne na amfani kuma ya halatta, matuƙar ba a kai ga almubazzaranci ba. Ka dai tuna ranar da kamfani ya rufe wasan, duk abin da ka tara ya tafi.

Gasar da kowa yake zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, caca ce tsantsa, babu saɓani a kai, kuma ƙwarewa ba ta canza hukuncin. Daidai da ita ne a ce wanda aka ci shi zai biya kuɗin zaman wasan. In wani na gefe ne ya sa kyauta kuma shiga kyauta ne, to an fita daga caca, sai dai hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita kyautar gasa a kan harbin kibiya da tseren raƙumi da na doki. Malamai da yawa sun tsaya a nan, wasu sun faɗaɗa zuwa abin da ke ƙarfafa addini, wasu na zamani sun sauƙaƙa in wasan halal ne. Ba zan kira wanda ya karɓa ɗan caca ba, amma barin ya fi kuɓutar da addini.

Na gine-gine da na dabara da na wasa ƙwaƙwalwa, irin Minecraft da Age of Empires da Tetris, daɗinsu shi ne ka tsara abu da tunaninka ka ga ya tsaya. Su ne mafi kusa da amfani, kuma ƙaninka bai yi laifi ba. Mai karatu zai ce to ina maganar shaɗaranji, wato chess, wanda Imamu Malik ya ce babu alheri a cikinsa, Ibnu Abi Zaid kuma ya ce a Risala bai halatta a yi wasa da shi ko da nardu ba? Gaskiya ne, kuma wanda ya bar shaɗaranjin waya don bin wannan ya yi daidai. Sai dai babu ingantaccen hadisi daga Annabi (SAW) a kan shaɗaranji, shi ya sa Shafi'iyya suka tsaya a karhanci, kuma dalilin da masu hanawa suka fi ambata shi ne shagaltarwa da caca, ba tunanin da ake yi a ciki ba. Nardu kuwa nassi ne: Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa wanda ya yi wasa da shi kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. Nardu wasa ne da ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo, abin da ta nuna shi ke tafiyar da wasan. Lidon waya a kan wannan ƙwayar yake tafiya, kuma komawarta cikin allo bai canza ma'anarta ba. Fatawata ita ce a bar shi ko babu kuɗi.

Wasannin labari, waɗanda mutum yake zama wani gwarzo yana girma mataki-mataki, ana son su ne don labarin da duniyar da ake yawo a ciki. A duba su ɗaya-ɗaya, domin da yawa ba sa rabuwa da mata masu shigar tsiraici da neman taimakon alloli, kuma wanda ya ƙunshi haka ba a buga shi.

Ko wasan da ya tsira daga duk wannan, lokaci yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem a jerin cututtuka a 2019, da alamomi uku: mutum ya kasa iyakance wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma hakan ya ɗauki aƙalla wata 12. Ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a uku a mako tun 2021. Shari'a ba ta yanke adadin mintoci ba, ma'auninta haƙƙoƙi ne: salla a kan lokaci, kiran iyaye, karatu, neman halal, barcin da zai tashe ka Asuba. Annabi (SAW) yana ƙin hira bayan Isha'i, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Abu Barza, balle wasan da ke kai mutum ƙarfe biyun dare. Shawarata sa'a ɗaya a yini, bayan an sauke wajibai. Ka kashe sanarwar wasan a wayarka, domin kyautar shiga kullum da ake maka tayi an yi ta ne don kada ka tsallake ko rana ɗaya.

Ƙannenka amana ne a hannunka tunda kai ne babba. Ka duba alamar shekaru kafin a sauke wasa: tsarin PEGI yana da 3 da 7 da 12 da 16 da 18, kuma mai 18 ba na yaro ba ne ko da ya iya. A Roblox da makamantansa ka rufe hira da baƙi, domin ta nan zagi da miyagun mutane suke isa ga yara. Ka sa Family Link a wayar Android ko Screen Time a iPhone ka ƙayyade lokaci, ka sa kalmar sirri a kan duk wani saye, kada ka bar katin banki a maƙale da asusun da yaro yake wasa da shi.

In ka taɓa cin kuɗi a gasar zubi, ka tuba, ka mayar wa waɗanda suka zuba in ka san su, in ba ka san su ba ka ba mabuƙata da niyyar rabuwa da shi. Abin da ka riga ka kashe a fakiti kafin ka san hukunci, istigfari da dainawa sun isar maka, ba sai ka goge asusunka ba.

Wallahu a'alam.