Da gaske littafin Asterix ya san da zuwan korona tun 2017?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana kwaleji a nan Damagaram, malaminsu na Faransanci ya ara masa littattafan zane na Asterix, shi kuma ya ɗauki son duniya ya ɗora musu. Sai ga wani hoto a zauren WhatsApp na danginmu, shafi guda daga littafin, an rubuta Coronavirus ɓaro-ɓaro, wai tun 2017 aka buga shi. Ana cewa masu littafin da su aka shirya cutar. Hankalina ya tashi. In ƙwace in mayar wa malamin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, ka bar wa yaro littafinsa.

Hoton da ka gani ba na bogi ba ne. A littafin da ya fito a 2017, wanda Jean-Yves Ferri ya rubuta, Didier Conrad ya zana, an yi tseren keken doki a ƙasar Italiya, kuma gwanin Rumawa, mai rufe fuska, sunansa Coronavirus. Abokin tafiyarsa kuwa Bacillus, shi ma sunan wani nau'in ƙwayar cuta. Ƙaryar tana cikin ma'anar da aka ɗora wa shafin.

Wanda ya saba da Asterix ya san wasa da suna shi ne gishirinsa. Tun da René Goscinny da Albert Uderzo suka fito da shi a mujallar Pilote ranar 29 ga Oktoba 1959, ƙa'idar ba ta canja ba: mazan ƙauyen su Asterix a ƙasar Gol, wato Faransa ta dā, ƙauyen da ya gagari Yuliyas Kaisar, shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sunayensu na ƙarewa da -ix, kamar na jarumin tarihi Vercingétorix, na Rumawa kuma da -us. Sai marubuci ya nemo kalmar zamani ya tusa ta cikin wannan tsari. Mawaƙin ƙauyen, wanda ake ɗaurewa a toshe masa baki a liyafar ƙarshen labari, sunansa Assurancetourix, wato inshorar da ta ɗauke kowane irin haɗari. Karen Obelix, aminin Asterix, kuwa Idéfix, tunanin da ya kafe a kai ya ƙi fita. To mai neman kalma mai ƙarewa da -us, wadda ke da ƙamshin Latin, harshen Rumawa, kuma za ta sa a tsani mai ita, me zai hana shi leƙa littafin likitoci?

Wannan jita-jita tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin tun 2020 nake amsa ta, kuma har yau tana dawowa kamar zazzaɓin damina. Kalmar coronavirus ba a 2019 aka haife ta ba. Sunan dangin ƙwayoyin cuta ne da masana suka sani tun shekarun 1960, daga corona, wato kambin sarauta a Latin, saboda siffar ƙwayar. Wata daga cikin dangin ce ta haddasa cutar numfashi ta SARS a Sin a 2002 zuwa 2003. Wata kuma ta ɓulla a Saudiyya a 2012, ita ce MERS da aka alaƙanta da raƙuma, har aka riƙa gargaɗin mahajjata. Duk wannan kafin Ferri ya ɗauki alƙalami. Amma mai tura hoton bai taɓa buɗe littafin ba, bai san ko labarin me ake yi ba, ya zagaye kalma ɗaya da jan layi ya watsa wa jama'a. Na ga dattawa masu hawan jini da ciwon suga sun ƙi allurar rigakafi, hujjarsu irin wannan hoton. Jama'a, a ji tsoron Allah! Abin da ba ka tantance ba, me ya kai ka tura wa mutum ɗari biyu?

In akwai abin da zan so ka sa wa ido, wani ne daban. Asterix yana zolayar kowace al'umma: mutanen Ingila da shan ruwan zafi da ɗigon madara, na Suwizalan da bankuna, Faransawan kansu da rigima da taurin kai. Yawanci barkwanci ne mai daɗi, irin na taubasai. Amma yadda aka zana baƙar fata, musamman mai tsaron saman jirgin 'yan fashin teku, da manyan jajayen leɓɓa, gadon zanen zamanin mulkin mallaka ne, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba. Akwai kuma cin aladen daji da Obelix ba ya ƙoshi da shi. Waɗannan ka zauna da yaron ku tattauna.

In zai zaɓa, ya fara da littattafai 24 na farko da Goscinny ya rubuta kafin rasuwarsa a 1977, su ne suka fi kaifi. Ka sa shi ya riƙa warware maka sunayen ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gagare shi ya kai wa malaminsa.