Tambayoyinku: Ƙara faifan ajiya a cikin tsohuwar saba

Wasiƙu uku na ware a wannan makon, kuma duk bakinsu ɗaya: tsohuwar saba ce, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, wuri ya yi mata kaɗan, mai ita yana son ya ƙara mata faifan ajiya, abin da masu gyara ke kira haddis.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An bar min wata saba mai tsayuwa, ta haura shekara 10 tana aiki. Faifai biyu ne a cikinta, duk sun kusa cika. Da na buɗe murfin sai na ga fili birjik. Ina son in ƙara guda uku. In sayo kawai in jera su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata tukuna, kar ka kai hannu aljihu. Fili daban, mazauni daban. Faifai mai gudun 7200 yana juyawa sau 120 a kowace daƙiƙa, kan da ke karanta shi kuma yana shawagi a samansa da tazarar da ba ta kai ko kusa da kaurin silin gashi ba. Abu irin wannan ba a ajiye shi sakaka. Na taɓa buɗe wata saba a wani ofis, na tarar da faifai kwance a kan guntun kwali, an ɗaure shi da roba, yana ta ɓari kamar mai zazzaɓi. Kwalin ya toshe masa iska ta ƙasa, jijjiga kuma tana cin sa a hankali.

Ka fara duba gaban sabar. Idan irin mai aljihuna ce, wadda ake zaro faifai ta gaba, to kowane faifai yana zama ne a kan tirensa, ana tura shi har ya shige wani allo da ke can ciki, wanda ke ba shi wuta da hanyar bayanai lokaci guda. Abin da ke toshe da aljihunan da babu kowa galibi murfin roba ne, ba tire ba, don haka sai ka nemi tiren da aka yi wa samfurin sabarka. Na wani zamani ba lallai ya shiga na wani ba, ko da kamfaninsu ɗaya. A wasu tirorin Dell za ka ga ramuka kashi biyu, an rubuta SAS a ɗaya, SATAu a ɗaya (SAS da SATA nau'o'in mahaɗin faifai ne guda biyu). Na SATAu na faifan da aka maƙala wa ƙaramin allo ne a bayansa. In babu wannan allon, ramukan SAS za ka yi amfani da su ko da faifanka SATA ne, in ba haka ba zai tsaya daga nesa bai taɓa mahaɗinsa ba, ka yi ta zargin faifai alhali lafiyarsa ƙalau.

In kuwa aljihunan sun ƙare, duba wurin da na'urar CD take. Wannan gurbi mai inci 5.25 yana karɓar faifai mai inci 3.5 idan ka sa masa ƙarfen riƙo. Akwai ma kejin da ke cin gurbi biyu ya ba ka mazaunin faifai uku, ko ya ci uku ya ba ka biyar, da fankarsa a jiki. Sukurun faifan inci 3.5 shi ne 6-32, na inci 2.5 kuma M3. Suna kama da juna, amma in ka ji yana tirjewa to ba shi ba ne, kar ka matsa. Ka ɗaura huɗu duka, gajeru. A kwance ko a kan gefensa duk ɗaya ne, muddin ya zauna daram.

Sai maganar inda za ka jona waya. Ƙirga bakunan SATA da suka rage a babban allo. Ka kuma riƙe wannan: katin SAS yana karɓar faifan SATA, amma bakin SATA ba ya karɓar faifan SAS ko kaɗan. Mutane da yawa sun sayi tsohon faifan SAS suna murna, suka dawo suka ga wayar ma ta ƙi shiga. Idan bakuna sun ƙare, sai ka ƙara kati a ramin PCIe. Irin mai baki SFF-8087, baki ɗaya yana rabuwa ya ciyar da faifai huɗu.

Wuta ce inda aka fi yin sakaci. Faifai mai inci 3.5 ba ya cin abin kirki in yana tafiya, galibi ƙasa da wat 10, amma a lokacin da yake tasowa daga tsaye yana iya jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12. Faifai biyar su tashi tare, ka ga an doshi amfiya 10 ke nan a kan akwatin wutar da ya riga ya tsufa. Alamar gazawa ita ce ka ji faifai ya fara juyawa, ya yi ƙas, ya sake farawa. Yawancin katunan RAID, wato masu haɗa faifai da yawa su yi aiki a rukuni ɗaya, suna da tsarin tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ka kunna shi. Idan kuma sai ka yi amfani da wayar da ke mayar da Molex, mai baki huɗu ɗin nan, zuwa SATA, ka guji wadda aka narka roba aka zuba wa wayoyinta a dunƙule. Ita ce ta yi ƙaurin suna wajen ƙonewa. Nemi wadda ake ganin kowace waya ta shiga raminta. Kuma kar ka rataya faifai huɗu a reshe guda.

Bayan ka gama, ka mayar da murafan robar nan a aljihunan da babu kowa, ka rufe murfin sabar. An tsara iska ne ta bi ta kan faifai daga gaba zuwa baya, in ta sami wata ƙofa a buɗe sai ta bi can ta bar su. Zafi tsakanin digiri 30 zuwa 45 babu damuwa. In ya haura 50 yana zaune a nan, ni hankalina ba ya kwanciya. Kafin ka sa hannu ciki kuwa, ka tuna saba da yawa akwatin wuta biyu gare su, wayoyi biyu za ka zare.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce mai kula da kwamfutocin wurin aikinmu. Na sa faifai mai TB 4 a Dell PowerEdge mai katin PERC 6/i. Windows ba ta gan shi ba sam, shi kuma katin yana nuna kusan TB 2 kawai. An cuce ni ne?

Amsa: Malama, barka kadai. Ba a cuce ki ba, katin ne ya kai iyakarsa. Amma bari mu fara da dalilin da ya sa Windows ba ta gani. Katin RAID irin wannan yana tsaye ne tsakanin faifai da Windows kamar mai gadi. Sai kin shiga tsarinsa da Ctrl+R yayin da saba ke tashi, kin ƙirƙiri abin da yake kira Virtual Disk, sannan zai miƙa shi. A nan ki yi taka-tsantsan, ki tabbata sabon faifan kika zaɓa, domin Initialize a kan tsohon rukuni shafe shi ne. Bayan haka ki buɗe Disk Management, in kin ga an rubuta Offline ki mayar da shi Online.

Maganar TB 2 kuwa, PERC 5/i da 6/i ba sa ganin abin da ya wuce haka a faifai guda, kuma babu sabuntawar da za ta ɗage wannan shinge. Zaɓi biyu gare ki: ki musanya faifan da masu TB 2, ko ki sauya katin da na bayansa, kamar H700, ko wani mai ƙwaƙwalwar LSI SAS2008.

Ko kin sauya kati akwai shinge na biyu. Tsohon tsarin raba faifai, MBR, yana ƙirga gidajen bayanai ne da lamba mai bit 32, kowane gida bayit 512, jimla ta tsaya a wajen TB 2.2. Don haka idan Windows ta tambaye ki, sabon tsarin, GPT, za ki zaɓa. Saba mai tsohon BIOS, tsarin da ke fara tayar da na'ura, ba za ta tayar da Windows daga faifan GPT ba, amma wurin ajiyar fayil babu matsala. Kuma in kin ga 3.63 maimakon 4 kar ki ce an sake: masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024.

In za ki sa shi cikin rukunin RAID, ki duba takardar bayaninsa ki tabbata CMR ne ba SMR ba, wato hanyoyi biyu na jera bayanai a kan faifai. Masu SMR suna jan ƙafa matuƙa lokacin sake gina rukuni, har kati ya ɗauka sun mutu ya fitar da su.

Tambaya: Malam, na ƙara faifai a sabata mai Linux, na rubuta sunansa, /dev/sdb1, a cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux faifan da za ta jona yayin tashi, komai na tafiya. Jiya na ƙara wani, na sake kunnawa, sai ta tsaya a baƙin allo tana cewa emergency mode. Bayanaina sun tafi?

Amsa: Kwantar da hankalinka, da wuya a ce sun tafi. Sunayen sda, sdb, sdc ba na dindindin ba ne. Linux tana raba su ne gwargwadon wanda ta fara cin karo da shi, sabon baƙon ya zo ya karɓe sunan na da. Ta je neman sdb1 ta tarar da faifan da ko yanka shi ba a yi ba, shi ne ta tsaya cak.

A wannan allon ka sa kalmar sirrin root, wato babban mai iko a Linux. In ta hana ka rubutu, buga `mount -o remount,rw /`. Sai `blkid`, zai nuna maka UUID na kowane yanki, doguwar lambar da ba ta sauyawa ko ka mayar da faifan wani baki. Da ita za ka maye gurbin sunan:

`UUID=lambarka /ajiya ext4 defaults,nofail 0 2`

Wannan nofail ɗin shi ke cewa in faifan bai zo ba a ci gaba da tashi. Amma yana da nasa tarkon. Idan faifan ya faɗi, foldar /ajiya tana nan a buɗe, duk abin da aka zuba mata kuma kan babban faifai yake sauka, har ya cika ba ka sani ba. Ka riƙa leƙawa da `df -h`. Kafin ka sake kunna sabar, buga `mount -a`. In ya yi shiru kuma `df -h` ya nuna /ajiya, layin ya yi daidai. In ya yi ƙorafi, gara ya yi yanzu kana zaune a gabanta.

Ba ka faɗa min ko sabon faifan na hannu ne ba. In haka ne, gwada shi da `smartctl -a` kafin ka ba shi amanar komai. Layin da ke da lambar ID 9 zai gaya maka awa nawa ya yi yana aiki. Na 5 da na 197 kuwa su ne gidajen da suka lalace da waɗanda ake tuhuma, ni in na ga wani abu ban da sifili a na 197 mayar da faifan nake yi. A saman wannan rahoton akwai lambar siriyal. Kwafe ta a ƴar takarda mai gam ka manna a gaban tiren, domin ranar da ɗaya daga cikin faifanka zai mutu, Linux da lamba za ta kira shi, su kuma daga waje duk kamarsu ɗaya.